Bututun numfashin bakwaini da wayar da ke cikinsa

Duk kakar da ta leƙa ta taga ta ga likita na zura wa jikanta bututu a maƙogwaro, da siririyar waya a ciki, dole gabanta ya faɗi. Wasu har rantsuwa suke yi cewa ƙarfe aka bari a cikin yaro. Ba haka ba ne.

Bakwaini, wato jaririn da ya iso kafin ciki ya cika mako 37, babbar matsalarsa huhu. Akwai wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska na huhu mannewa, kuma ba ya wadata sai ciki ya doshi mako 34. Shi ya sa za ka ga ƙirjin yaro na lotsawa, yana nishi kamar ɗan mage. Yawanci na'urar hura iska ta hanci kan wadatar. In ta gaza, sai a sa bututu har cikin hanyar iska.

Ga jaririn da bai kai kilo ɗaya ba, faɗin ramin bututun milimita 2.5 ne kacal, ga laushi kamar dafaffiyar taliya. Wannan laushin ne ya sa wasu likitoci ke zura masa waya mai lanƙwasuwa da suke kira sitailet, don ya ƙage ya bi inda aka nufa maimakon ya zame zuwa hanyar abinci. Da bututu ya shiga ake zare ta. Ƙa'idarta ɗaya mai tsauri: bakinta kada ya leƙo waje da bututun, domin in ya leƙo zai iya huda maƙogwaron da bai fi tsinke kauri ba sosai.

Shin wayar na ƙara sa'a? A wani asibiti a birnin Melbon na Ostareliya an gwada wannan a yunƙuri 302, aka buga sakamakon a 2013. Da waya an dace a karon farko kashi 57 cikin ɗari, ba waya kashi 53. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Ka lura da wani abu kuma: a babban asibiti irin wannan ma, kusan rabin yunƙurin farko bai yi ba. Aikin akwai wuya, hannun da ya saba shi ne maganar. Don haka in kun ga likita ya dakata bayan kamar daƙiƙa 30, ya hura wa yaro iska, ya sake gwadawa, ba ganganci yake ba, haka aka koya masa.

Kada ku tsorata in yaro ya buɗe baki ba sautin kuka. Bututun ya ratsa ta inda murya ke fita ne, za ta dawo bayan an cire. Kada a ɗiga masa ruwa, zuma ko rubutu a baki, kada kuma a gyara filastar da ke riƙe bututun, ko da ta karkace. A kira ma'aikaciyar jinya.

Mai cikin da naƙuda ta kama ko faya ta fashe kafin lokaci, a wuce da ita asibitin da ke da ɗakin jarirai tun yaro na ciki. Akwai allurar da ake yi mata tsakanin mako 24 da 34 mai gaggauta nunar huhun jariri, kuma tana bukatar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta yi cikakken aiki.