Kaka a Littafi, Ruwan Sama a Alabar: Yadda Muke Koya wa Yara Kimiyyar Yanayi

A duk watan Oktoba, hotunan da ke yawo a intanet da littattafan yara da ake shigowa da su daga Ingila da Amurka suna nuna abu guda: ganyaye sun yi ja, suna zuba, an sa rigunan sanyi. Amma yaron Alabar da ya leƙa taga a wannan watan, ruwan sama zai gani, kwatoci sun cika, masu talla a hanyar Kejetia suna ta rufe kaya da leda. Idan malami ya tsaya ga hoto kawai, yaron zai haddace yanayi huɗu na Turai, ya girma bai san abin da ke faruwa a saman garinsu ba.

Ni malamin firamare ne a nan Zongon Kumasi, kuma ɗalibaina suna tsakanin lissafi uku. Na littafin waje daban. Na kakanninsu da suka taso daga Kano, Katsina ko Sakkwato daban: damina, kaka, hunturu, bazara, inda kaka ke nufin ruwa ya ɗauke, an shiga girbin dawa da wake da gyaɗa. Na Kumasi kuma daban, domin damina biyu gare mu: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, sai ɗan tsaiko a Agusta, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu ya sauko a Disamba.

Manhajar firamare da hukumar NaCCA ta fito da ita a 2019 ta ƙarfafa a bar yaro ya gwada da hannunsa. To, ɗakin gwaji kam ba mu da shi. Abin da muke da shi shi ne robar ruwa, alli, sanda da tsakar makaranta. Da su muke aiki.

Aiki na farko shi ne inuwa. Mukan kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili, yara su riƙa auna inuwarta da tsakar rana, sau ɗaya a mako. Kumasi tana kusan digiri 7 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a farkon Satumba rana kan tsaya a kanmu tsaf, inuwar ta kusa ɓacewa. Daga nan sai ta fara miƙewa ta yi arewa, har ta kai wajen santimita 58 a kusan 21 ga Disamba. Dalili kuwa, duniya a karkace take da kusan digiri 23 da rabi tana zagaya rana. Wannan karkatar ita ce ke gajarta yini a Landan har sanyi ya kama, mu kuma nan da ƙyar bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta ya kai sa'a guda. Yaran da ke zuwa makarantar allo da yamma ba sa shan wahalar wannan darasi, don sun riga sun ji maganar zawali da yadda ake gane lokacin azahar da la'asar da inuwa.

Na biyu, awon ruwa. A yanke kan robar ruwa, a kifa shi ciki kamar mazurari, a zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar, a cika da ruwa zuwa layin farawa, a liƙa rula. Kowace safiya yara biyu su duba, su rubuta a jadawalin da ke bango. Zuwa ƙarshen Nuwamba, su da kansu za su ga layukan suna raguwa. Ba sai na ce musu damina ta tafi ba.

Na uku, ganye. Mu ma muna da itacen da ganyensa ke yin ja kafin ya zuba: wanda Asantawa ke kira abrofo nkate, da ke ba da inuwa a makarantu da dama. Rimi ma yakan kakkaɓe ganyensa in rani ya shigo. Mukan daka ɗanyen ganye, mu jiƙa shi cikin ɗan sipirit, ni nake riƙe kwalbar, sannan mu tsayar da alli a ciki. Ruwan na hawa, sai a ga kore ya rabu da rawaya. Ma'ana, rawayan na nan tun farko, koren da ganye ke haɗa abinci da shi ne ya rufe shi. In itace zai saki ganye, koren ya ruguje, rawaya ta bayyana, wasu itatuwan kuma su ƙirƙiri ja. A Turai gajartar yini da sanyi ke jawo haka, a nan galibi ƙarancin ruwa ne.

Na huɗu, ƙura. Mukan shafa basilin a farin kati, mu rataye a baranda kwana uku a Oktoba, mu adana. A Janairu mu sake. In aka jera katunan, ba a bukatar dogon bayani. Nan nake gaya musu cewa iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙurar daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wata yarinya ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe ƙurar da Inna ke sa mu sharewa ma baƙuwa ce?" Aji ya fashe da dariya, amma ta gane darasin.

Aikin gida guda nake bayarwa: kowa ya je ya tambayi kakarsa mece ce kaka. Amsoshin da ke dawowa sun fi na littafi armashi: sabuwar dawa, ɗaurin damma, bukukuwan aure, dambe a dandali bayan girbi. Wasu tsofaffin kan ƙara da yadda ake kula da goro in hunturu ya shigo, a lulluɓe shi da ɗanyen ganye, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe. Wannan ma kimiyya ce, kuma fataucin goron na cikin abin da ya kawo iyayenmu ƙasar Asante.

Matsaloli kam akwai. Aji cike, fili kaɗan, wani lokaci akuya ta ture robar awon, wasu iyayen kuma su ce wasa ake yi ana barin karatun jarrabawa. Amsata gare su ita ce gani ya kori ji. Yaron da ya auna ruwa da hannunsa wata uku, jadawali ba zai firgita shi a jarrabawar BECE ba.

Roƙona ga 'yan uwa malamai da iyaye a Alabar, Aboabo da Sabon Zongo shi ne mu fara kafin ruwan bana ya ɗauke. Roba ɗaya, sanda ɗaya, da takardar da za a riƙa rubutawa kullum sun isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.