Ƙaura Daga Ikko Zuwa Shagamu: Abin Da Ya Kamata Falke Ya Auna

Sananne ne ga duk wanda ya zauna Ikko cewa kuɗin hayar ɗaki shi ne babban abin da ke cinye jarin ƙaramin ɗan kasuwa. Ko da ya ke dokar da Jihar Ikko ta kafa a 2011 ta hana mai gida karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, duk da haka akwai la'adar dillalin gida, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, kuma kowane sai an biya kafin a ba mutum mabuɗi. Saboda haka masu iyali da yawa su kan ɗaga ido su dubi garuruwan da ke bayan birnin, cikin ƙasar gonaki mai kusa da teku. Ɗaya daga cikin garuruwan nan shi ne Shagamu.

Shagamu tana ƙasar Remo, cikin Jihar Ogun wadda aka kafa a 1976. Asalinta garuruwa 13 ne na Yarabawa suka haɗu wuri guda a ƙarni na 19 domin tsaron kansu a zamanin yaƙe-yaƙe, sarautar babban sarkinsu kuwa Akarigbo. Babbar hanyar mota ta Ikko zuwa Badun, wadda aka buɗe a 1978, ta bi ta gefenta, nan kuma hanyar Binin ta rabu zuwa gabas. Daga bakin Ikko zuwa mararrabar nan bai cika kilomita 50 ba. A garin akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Olabisi Onabanjo, an kafa masana'antar siminti a 1978, kamfanin Nestle kuma ya buɗe tasa a 2011.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a can, goro ne ya kai su. A da, fatake su kan niƙi gari zuwa Gwanja, su yi wata da watanni kafin su komo da huhuna a kan jakuna. Amma a farkon ƙarni na 20 manoman Yarabawa na Agege da Ota da Remo suka dasa irin goron nan da Arewa ke so, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, sai hanyar fatauci ta juya kudu. Dogo bai bi ta Shagamu ba, ta Abekuta ya bi, don haka goronta a manyan motoci ya kan hau. Unguwar Sabo da ke garin, da sarkinta da masallatanta da makarantunta na allo, duk a kan cinikin nan ta tsaya.

Arahar garin tana da dalili. Rogo da doya da masara da manja kusa da gonakinsu a ke sayensu, ba su sha kuɗin mota ba tukuna, fili kuma bai ƙure ba kamar na Ikko. Sai dai masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma akwai lissafi huɗu da ya wajaba mai niyyar ƙaura ya yi tun bai ɗaure kayansa ba.

Na fari, ina abincinsa ya ke? Wanda ya kwashe iyalinsa zuwa Shagamu alhali rumfarsa tana Ikko, to, ya rage haya ne ya ƙara kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai, ga kuma cunkoson hanyar shiga birnin wanda ya kan cinye safiyar ciniki. Ƙaura ba ta zama riba sai sana'a ta bi mai ita.

Na biyu, cinikin goro ba a faɗa masa da ka. Babbar kakarsa wajen ƙarshen shekara ta ke. A kan fasa kwasfa, a jiƙa, a ɓare, a shanya cikin kwanduna, sa'an nan a tsince, a ƙirga ƙwarya ƙwarya, watau ɗari ɗari, a naɗe da ɗanyen ganye. Mai ajiya lalle ya riƙa buɗewa yana dubawa, domin in sankara ta shiga ɗaya ta kan bi saura. Yawancin cinikin kuma bisa amana da bashi ya ke tafiya, ta hannun masu gidajen Sabo waɗanda ke saukar da baƙo su tsaya masa. Wanda ba shi da mai gida, manomi ba ya ba shi kaya, dillali ba ya jin maganarsa.

Na uku, sha'anin fili. A ƙasar Yarabawa fili yawanci na dangi ne gaba ɗaya, ba na mutum guda ba. Ya kan faru wani ya sayar, ɗan'uwansa ya zo daga baya ya ce bai yarda ba. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Saboda haka mai saye ya nemi sa hannun shugaban dangin da manyansu, da taswirar safiyo, da takardar gwamnati, kada ya dogara ga shaidar baki. Malamin da ya saba noma gero da almajiransa da damina ya san cewa can ba haka ba ne. Abin da zai riƙe shi karantar da 'ya'yan 'yan kasuwa ne, da wata sana'ar hannu.

Na huɗu, shi ne mafi nauyi, zama da masu gari. Mutanen Remo suna da al'adar Oro, wadda a dararenta a kan hana fita, musamman ga mata. A watan Yuli na 1999 rikici ya tashi a Shagamu a kan wannan al'amari tsakanin masu gari da Hausawa, aka yi hasarar rayuka da dukiya mai yawa, bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ramuwa a Kano, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka halaka. Daga baya jama'a suka komo, kasuwa ta ci gaba da ci. Abin lura shi ne, baƙo ya san ranakun garin, ya sanar da iyalinsa, ya koyi Yarabanci gwargwadon gaisuwa da ciniki, in husuma ta taso kuwa ya kai ta gaban Sarkin Hausawa tun ba ta yi girma ba.

Ban da waɗannan, daminar Kurmi doguwa ce, ta kan kama tun wajen Afrilu har Oktoba, sauro da zazzaɓinsa ba su ɗaukewa, laima kuma tana ɓata takarda da hatsi in ba a ɗaga su daga ƙasa ba.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce ta fataken da, waɗanda ba su kwashe gida sai sun san zango. Mutum ya tafi shi kaɗai tukuna, ya sauka wurin mai gida amintacce, ya ga damina ɗaya da kakar goro ɗaya, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In ragowar ta isa ci da haya da magani, sai ya aika iyali su zo. In ba ta isa ba, ya komo da jarinsa, bai yi hasarar kome ba sai kuɗin mota. Gani ya kori ji.