Salansa mai araha: a duba kafin a ɗaura

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta yi. An kai hatsi rumbu, an sayar da wake da gujiya da aya, ɗan kuɗi ya shigo hannu. Yanzu ne mai moto ke tuna gyaran da ya yi ta ɗagawa tun farkon damina. Cikin kayan da damina ke lalatawa har da salansa, wato bututun nan da hayaƙin inji ke fita ta cikinsa. Laka ta manne mata, an ratsa ruwa da ita, tsatsa ta ci ta, yau ga ta a huje tana ƙara kamar injin niƙa.

In ka shiga wajen masu sayar da kayan moto a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Ƙonni, za a nuna maka iri biyu. Akwai ta asali, wadda kamfanin moton ya ƙera, kuɗinta da nauyi. Akwai kuma masu araha, suna walƙiya a rataye, waɗanda wasu masana'antu dabam suka yi. Mutane da yawa ta arahar suke ɗauka, su koma gida su ɗaura da kansu don kada su biya ladan makanike. Wannan ba laifi ba ne, aiki ne da mai natsuwa zai iya gamawa cikin awa guda. Amma moto a ƙauye ba abin ado ba ne. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare, shi ke kai buhu kasuwa, da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da gidansa. Kuskure kaɗan wajen zaɓe ko wajen ɗaurawa yana iya kwantar da shi wata guda a zaure. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna wannan batu.

Mene ne aikin salansa?

Yawancin moto da ake hawa a karkararmu, irin su Kasea da Haojue da ake kawowa daga ƙasar Sin, ko Boxer na Indiya, ƙaramin inji gare su, mai lamba 100, ko 125, ko 150. Da yawa cikin na Sin an kwaikwayo injinsu daga Honda CG125 na Japan, wanda ya fito a shekarar 1975. Irin wannan inji ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce kaɗai. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Isansi da iska suna haɗuwa cikin kafireta, su shiga inji, buji ya ba su wuta, su fashe. Ƙarfin fashewar nan ke juya taya. Abin da ya saura hayaƙi ne mai tsananin zafi, ya fita da ƙarfi ta wata ƴar ƙofa da ake kira bawul, salansa ta karɓe shi. Cikin tumbinta akwai shingayen ƙarfe da bututu masu ƙananan huji. Hayaƙin zai bi su yana kewaye har ƙarfinsa ya ragu, sannan ya fita ta baya a hankali, nesa da ƙafar mai tuƙi. Masu ƙera moto sun auna inji da kafireta da salansa tare, kamar yadda manomi ke haɗa shanun huɗa masu ƙarfi ɗaya. In aka canza guda, sauran za su ji a jikinsu.

Ƙara ba ƙarfi ba ce

Samari da yawa sun ɗauka moton da ya fi ƙara shi ya fi gudu. Har akwai masu huda salansa da gangan, ko su zare kayan cikinta. Wasu masu arahar ma haka aka ƙero su, ƙarfen ba kauri, cikin kusan fayau, don kuɗin ƙira ya ragu.

Ga abin da ke faruwa. Inji yana bukatar wajen kilo 15 na iska ga kowane kilo 1 na isansi. In salansa ta buɗe da yawa, hayaƙi zai fita ba abin da ya tare shi, awon nan ya rikice, iska ta yi yawa, isansi ya yi kaɗan. Injin da isansi ya yi wa kaɗan zafi yake yi fiye da kima. To, a tuna iska kaɗai ke sanyaya shi. A watan Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a yankunanmu. Ga yashi, ga mutum biyu da buhu a kan moto, tafiya ba sauri balle iska ta buge shi. Ƙarshenta bawul ya ƙone, ko fistin ya lalace. Kuɗin buɗe inji kuwa ya ninka abin da aka rage wajen sayen salansa sau da yawa.

Bayan haka, salansar da ta buɗe da yawa takan rage wa moto ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wato daidai inda ɗan ƙauye ke bukatarsa, cikin yashi da hawan tudu. Mai tuƙi sai ya yi ta murɗa hannu, isansi na tafiya. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin kwalba ya tashi a garuruwan bakin iyaka, kowa ya san darajar lita guda.

Kafin ka fidda kuɗinka

Da farko ka duba tsohuwar da kyau. Wani lokaci salansar lafiya lau take, zoben da ke tsakaninta da bakin inji ne ya mutu, hayaƙi na tsiyaya ta nan. Wani lokaci huji ne ƙarami wanda mai walda zai toshe da ɗan kuɗi kaɗan. Masu tsofaffin moto irin su Mobylette, waɗanda ake haɗa wa baƙin mai cikin isansi, tasu salansar toshewa take yi da baƙin kunkunniya. Ita wannan sharewa take so, ba canji ba.

In ba makawa sai an saya, ka kwance tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, ko ka tafi da moton kansa. Ka jera su biyu a ƙasa. Lanƙwasar wuya ta zama ɗaya, faɗin baki ɗaya, tsawo ɗaya, kunnen da ake ɗaure ta a jikin moto ya faɗo wuri ɗaya. Kada ka yarda da zancen wai duk 125 ɗaya ne.

Ka ɗaga ta ka ji nauyi. Wadda ta fi tsohuwar sauƙi sosai, ƙarfenta ba kauri ko cikinta ba komi. Ka girgiza ta, in wani abu na kaɗawa ciki ka ajiye. Ka leƙa ta baki, in kana hango haske ta ɗaya gefen, wannan bututu ne kawai, ba salansa ba. Ka bi sawun walda da ido, kada a samu tsaga ko huji. Ka tabbata tana da marfin nan na kariya da ke rufe gefenta, ko aƙalla wurin da za a ɗaura na tsohuwar. Daga ƙarshe ka sayi sabon zobe na jan ƙarfe, wanda makanikai ke kira gaskit. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma wanda aka taɓa matsewa ba ya sake toshewa da kyau.

Yadda ake ɗaura ta

1. Inji ya huce sarai. Aikin safe ne, kafin a tayar da moto. A kafa shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai tauri, a shimfiɗa buhu don kada noti ya ɓace cikin yashi.

2. A bakin inji akwai ƙusoshi biyu masu zare da aka dasa, kowace da notinta. Zafi da tsatsa sukan sa su ƙafe. Tun da dare a ɗiga musu kananzir ko baƙin mai su kwana suna sha.

3. A nemi sifana, wadda wasu ke kira kile, daidai bakin notin, galibi lamba 10 ko 12. Kada a kama da filaya, kada a buga da guduma. In noti ya ƙi, a ɗan matsa gaba, a dawo baya, a ƙara mai, a jira. In ƙusar ta karye cikin inji, aikin ya fi ƙarfin gida.

4. A kwance na bakin inji, sannan na baya, ana tallafe da salansar da hannu. A zaro tsohon zobe, a share kunkunniyar wurin, amma kada datti ko yashi ya faɗa ciki.

5. A sa sabon zobe. In yana faɗowa, a shafa masa ɗan giris ya riƙe shi.

6. A ɗora sabuwar salansa, a sa dukan notuna da hannu kawai, sako-sako. In ramin baya bai zo daidai ba, kada a ja ta da ƙarfi don ta kai. Salansar da aka ɗaure a takure, girgizar hanya za ta tsaga wuyanta. Gara a mayar wa mai kanti, ko mai walda ya gyara kunnen.

7. A fara matse na bakin inji, wannan kaɗan, wancan kaɗan, har su zauna daidai. Kan inji na alminiyo ne, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi, taushi gare shi. In aka matse da ƙarfin tsiya zaren zai cinye. Bayan su sai a matse na baya.

8. Kafin a tayar, a taka birkin baya har ƙasa, a gwada ƙarfen tayar da inji, a naɗe ƙafar tsayawa, wani ya hau baya ya zauna. Kada salansa ta taɓa ko ɗaya, kada ta kusanci taya ko waya. Salansar da ta tare birki tana iya kashe mutum.

9. A goge mai da sawun hannu a jikinta, sannan a tayar da inji a fili. Kada a tayar cikin ɗaki ko zaure a rufe, domin cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, tana kisa. A kai hannu kusa da bakin inji ba tare da an taɓa ba. In ana jin iska na bugowa, ko wata ƙara cak-cak, zoben bai zauna ba.

10. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku, a sake bin notuna da safe inji na sanyi, don zafi da girgiza sukan sassauta su.

Buji ba ya ƙarya

Bayan an yi ƴar tafiya mai nisa, a bar inji ya huce, a kwance buji a dubi bakinsa. In ya yi launin ƙasa-ƙasa, komi daidai. In ya yi fari fat kamar toka, isansi ya yi kaɗan, inji na cin wuta. In ya yi baƙi da kunkunniya, isansi ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙura. Wata alamar kuma, in ka saki hannu a kan gangara salansa na harbi tas-tas, ko dai tana shan iska ta wajen zobe, ko isansi ya yi kaɗan. Duk wanda ya ga haka ya kai wa makanike ya daidaita kafireta. Kada a ce sai wata kasuwa.

Ƙafa, kunne da gobara

Jikin salansa yana zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba. Mata da yara da ake ɗauka a baya su suka fi ƙonewa a ƙwauri, musamman wajen hawa da sauka. Salansa a gefen dama take, saboda haka a koya wa kowa hawa da sauka ta hagu, a tattare zane da riga. Kada a hau moto sai an ɗaura marfin kariya. In tsautsayi ya faɗa, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a shafa man shanu, ko toka, ko ƙwai, ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi gidan likita, don ƙunar salansa takan yi zurfi fiye da yadda ido ke gani.

Sai kunne. Ana auna ƙarfin ƙara da wani awo mai suna desibel. Hira tsakanin mutum biyu wajen 60 ce. Masana lafiya sun nuna ƙarar da ta kai 85, in ana jin ta awa 8 kullum, tana lalata ji. In ta kai 100, minti 15 ya isa. Moton da ba komi cikin salansarsa yana iya kaiwa nan. Ɗan kabu-kabu kuwa wuni yake a kansa, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ban da haka ga marar lafiya da ke kwance, ga jariri, ga jaki da raƙumi da ke firgita su zubar da kaya ranar kasuwa.

Sai gobara. Salansar da ba shinge cikinta tana iya tofar da tartsatsi. Yanzu ciyawa ta bushe, kara na jibge a gonaki da bayan gida. Makiyayan Dakoro da Abalak da Tanut sun san ɓarnar da wutar daji ke yi wa abincin dabbobi bayan damina. Kada a ajiye moto mai zafi cikin busasshiyar ciyawa, ko jikin rumbu, ko kusa da kwalaben isansi.

Magabata sun ce araha ba ta ado. Ba mu ce kada a sayi mai araha ba, domin kowa ya san aljihunsa. Abin da muke cewa, a zaɓi wadda ta yi daidai da moton, mai kaya a ciki, mai marfi a waje, a ɗaura ta da haƙuri, a dubi buji bayan kwana biyu. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, ya kuma faɗa wa samarin gidansu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka cikin abin da muka noma.