Baƙon Tsuntsu a Ƙarshen Kaka

Shirin na yau zai duba yadda ake gane ɗan tsuntsun da kan bayyana a tsakar gida bayan ɗaukewar damina.

A Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana da ke gefen dajin Rugu, da zarar an gama girbi ruwan tafkuna ya fara janyewa, ƙananan tsuntsaye kan matso gidaje, inda suke samun ruwa a kaskon kaji da kuma furen zogale. Cikinsu akwai sha-kauci, wanda ya samo sunansa daga kauci, tsiron nan da ke fitowa a jikin wata bishiyar, domin zaƙin furensa yake tsotsa da siririn bakinsa. Wanda ya saba ganin hotunan intanet kan ɗauke shi a matsayin hamingbad, alhali wancan tsuntsu, mai nau'o'i fiye da 300, a nahiyar Amurka kaɗai yake rayuwa, kuma yakan tsaya cak a iska yana shan fure, shi kuwa sha-kauci galibi sai ya sauka a reshe.

Abin da ke rikita mai kallo shi ne sauyin gashi. Akwai nau'in da namijinsa ke yin ado da damina, kore mai sheƙi da jan tabo a ƙirji, amma idan rani ya kama sai launin ya dushe har ya kusa zama kamar macen. Akwai kuma ƙaramin nau'i mai gajeren baki da rawayan ciki, wanda yake hayayyafa da rani, a lokacin ne namijin ke fitar da dogayen gashin wutsiya guda 2. Saboda haka masana suke fara duba tsawon baki da lanƙwasarsa, sannan wutsiya, sannan watan da aka gan shi, kafin su dogara da launi.

Tun shekarar 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos take tattara irin wannan bayani daga masu sa kai, domin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. Manomin da ya lura da ranar zuwan sha-kauci, kamar yadda kakanninsa suka lura da zuwan shamuwa a bakin damina, yana da shaidar da wannan taswira ke buƙata.