MOTA TA ZAMA ƊAKI: ZAMAN JIRA A MADEKALI

Jama'a, duk wanda ya taɓa bin shanunsa a mota daga Gaya ko Kamba ko Gene zuwa kudu, ya san lissafi uku muke yi kafin lodi: kuɗin mota, kuɗin hanya, da kuma kwana nawa dabba za ta iya jurewa a tsaye. To amma akwai lissafi na huɗu wanda ba mu cika yi ba, shi ne na mutanen da ke cikin motar, wato direba da yaron mota da 'yan rakiyar shanu. Ina za su kwana, me za su ci, wane ruwa za su sha, idan tafiyar kwana uku ta rikiɗe ta zama zaman wata uku? A kan wannan nake so mu ɗan tattauna a wannan fitowa, kuma daga Madekali na ɗauko darasin.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Madekali gari ne a ƙarƙashin Malanbil, cikin jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin, a gabas da Malanbil ɗin, kan hanyar da ke fita zuwa Lolo ta Jihar Kebbi. Kogin Kwara ne ya raba wannan yanki da ƙasar Nijar, gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya kuwa tana nan tun 1958. Ke nan mutum yana tsaye a ƙasa ɗaya, ƙasashe biyu na kusa da shi. Daga nan zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, ta Kandi da Paraku. Ƙasa ce ta fadama, ta shinkafa da albasa, kuma ta sauro. Idan aka rufe ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin nan, a irin waɗannan garuruwa motoci ke taruwa, kowa na jiran labari.

Rufe ƙofa kuwa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020. Sa'an nan bayan juyin mulkin Yamai na ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja ranar 30 ga watan ta ce a rufe iyaka da Nijar. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a hanyar Malanbil, wasu kaya ya ruɓe a kansu. A watan Fabrairu 2024 aka janye takunkumi, Benin ta buɗe nata gefen, amma Nijar ta bar nata a toshe. A watan Mayu 2025 kuma Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar wasu bayin Allah zaune cikin mota, ba gaba ba baya.

Saniya dai in jira ya yi tsawo ana sauke ta, a nemi makiyayi, a saya mata dusa da harawa, in abin ya ƙi a karyar da ita a kara mafi kusa. Mutum fa? Shi ba a sauke shi. Direba ba ya barin mota, domin in ya juya baya sai ya tarar an kwance batir, an zuƙe mai, ko an yi gaba da tayar safiya. Saboda haka motar ce ɗakinsa, ita ce zaurensa, ita ce rumbunsa.

YADDA WUNI KE TAFIYA

Da asuba ladanin gari ne ke tashin kowa. A ɗauki buta a zaga, a yi salla a inuwar tirela, wanda ya fi karatu ya ja. Daga nan yaron mota ya hura gawayi a kurfoti, a ɗora shayi. Kafin rana ta ɗaga an kaɗe shimfiɗa, an ɗebo ruwa a jarka, an duba taya da igiyoyin tamfol. Da hantsi a ɗaure tamfol daga gefen bodi zuwa sanda biyu, ya zama rumfa, nan ake zaman dara da sauraren rediyo da jiran wanda ya je wajen duwan ya dawo da labari. Mota uku ko huɗu sukan haɗa tukunya ɗaya: wannan ya kawo shinkafa, wancan mai da albasa, wani busasshen kifi. Dendi da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa duk a bakin tukunya guda. Idan an daɗe har bashi ake ci wurin mai kanti da mai tuwo, a rubuta a takarda sai hanya ta buɗe.

A Turai da Amurka akwai masu sayen mota su mayar da ita gida da gangan, da gado da murhu da banɗaki, suna yawon shaƙatawa. Mu namu ba na marmari ba ne, tilas ce. Amma abu guda muka yi tarayya da su: wanda zai zauna cikin mota, sai ya gyara cikinta kafin ya tashi, ba sai ya maƙale a hanya ba.

GYARAN KAN MOTA

Motocin DAF da makamantansu da ake shigowa da su na hannu, yawancinsu suna zuwa da gado a bayan kujerar direba. Tsofaffin Marsandi 911 da Berliet da muka tashi muka gani kuwa, da yawa ba su da shi, sai kafinta ya yi dabara. Abin da na ga masu lura suna yi shi ne a cire tsohon soson da ya sha gumi da ƙura, a sa falanki mai ƙwari, a ɗora katifa mai rigar leda wadda za a iya gogewa. Ƙarƙashin gadon a yi akwati mai murfi na tufafi da magani. A nan akwai jan kunne: kada a bari kafinta ya yi maka aljihun da ba a ganin bakinsa. Duk akwatin da za a yi ya zama mai buɗuwa a gaban kowa, domin ma'aikacin duwan ko jandarma in ya ga wuri a ɓoye, ko allura babu a ciki ka kwana kana bayani.

Sai maganar zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, rufin ƙarfe kuwa tanda ne. Wasu na liƙa soso da siririn katako a rufin ta ciki, wasu kuma in an tsaya sai su shimfiɗa zana ko tsohuwar tabarma a samansa su ɗaure. Na biyun ya fi araha kuma yana aiki. Tagogi a yi masu firam na ragar sauro wanda ake sawa a cire, don a kwana gilashi a sauke. Gidan sauro mai magani shi ma a kafa masa ƙugiyoyi huɗu tun a gareji. A bakin Kwara da damina, wanda ya kwana ba gidan sauro ya sayi zazzaɓi da kuɗinsa.

Wutar lantarki ita ce ke yawan jawo rigima tsakanin direba da mai mota. Babbar mota batir biyu gare ta masu bolt 12 kowanne, a haɗe su ba da 24. Sai ka ga an ja waya daga guda ɗaya ana cajin wayoyin mutum goma da fanka da rediyo. Wannan batirin ya raunana ya bar ɗan'uwansa, ranar da aka ce an buɗe hanya a murɗa makulli mota ta yi shiru. Maganinsa ƙaramin faifan sola da batirinsa daban da na'urar daidaita caji, a sa fis a kan wayar. Wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da ledar burodi, ita ce mafarin gobara.

BENEN 'YAN RAKIYA

'Yan rakiya su ne suka fi kowa shan wuya, su ne kuma ba a tunawa da su. Mazauninsu katakon nan ne da ake gittawa a saman bodi, shanu a ƙasa su a sama, dare da rana suna lura kada wata ta kwanta a tattake ta. Sau nawa muka ji barci ya ɗauki yaro ya faɗo, ko cikin ƙahoni ko kan kwalta? A sa mai walda ya ɗaure katakon da noti, ba igiya kaɗai ba, a yi masa ƙarfen dafawa a gefe da 'yar rumfar tamfol. Sai dai kada a zarce da gini. Dokar ƙasashen UEMOA ta 2005 ta ƙayyade nauyin mota da girmanta, tsayi mita 4, kuma duk abin da ka jibga a sama yana ƙara wa mota saurin kifewa a kwana.

Idan an sauke shanu, cikin bodi yakan zama ɗakin kwana. Kafin a shimfiɗa tabarma a kwashe yashin da kashin gaba ɗaya, a wanke da omo da ruwan bilic, a bari rana ta busar. Mun san tarin fuka da bakkale suna tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Jarkar ruwan sha kuma a bambanta ta da ta mai, ko da fenti ne. Ruwan kogi ko na rijiyar da ba a sani ba, a tafasa shi ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa da ake samu a kantin magani. Takardun mota da katin inshorar ECOWAS da takardar likitan dabbobi, a sa su cikin gwangwani mai murfi, kada a bar su saman allon gaba rana da ruwa su cinye su.

GAWAYI BA YA KWANA A ƊAKI

Wannan na bar shi a ƙarshe domin ya fi duk sauran nauyi, kuma a kaina ya faru. Wata shekara da hunturu muna jira a nan gefen Madekali, sanyin kogi ya sauko, yaron motarmu don tausayi ya shigo da kurfoti da sauran garwashi cikin kan mota, ya ɗaga gilasai. Mu uku muka kwanta. Can cikin dare na farka kaina kamar ana sara da gatari, zuciya na tashi, na yi niyyar miƙa hannu ga ƙofa hannun ya ƙi. Allah Ya kawo wani dattijo cikin 'yan rakiya ya zo neman ashana. Da ya buɗe ƙofa ya ga halin da muke ciki, bai tsaya sallama ba ya janyo mu waje ɗaya bayan ɗaya. Da gari ya waye abin da ya ce mani kawai shi ne, "Alhaji, ai gawayi ba ya kwana a ɗaki."

Likitoci suna kiran wannan iska kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200. Gawayi da risho da janareta duk suna fitar da ita, haka ma injin mota in an bar shi yana aiki an rufe gilashi. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da nauyin jiki, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Wanda aka samu a haka a fitar da shi sarari nan take a kai shi asibiti, kada a tsaya shafa masa ruwa ana cewa iska ce ta buge shi. Murhu wurinsa waje, nesa da tankin mai, da bokitin yashi a kusa. Sanyi kuwa bargo ne maganinsa.

WA ZAI BIYA?

To, duk wannan gyara kuɗi ne, kuma nan ne ake noƙewa. Mai mota ya ce ai direba ne ke kwana ciki, direba ya ce motar ba tasa ba ce, mai shanu ya ce shi haya ya ɗauka. A ƙarshe yaron da ba shi da ko saniya ɗaya a cikin lodin shi ke kwana a kan kashin shanu. Alhali kuwa in an lissafa katifa da gidan sauro da jarka biyu da faifan sola da aikin mai walda, ba su kai kuɗin bijimi ɗaya ba, mu kuwa bijimai nawa muke damƙa wa waɗannan mutane? Direban da ya kwana da zazzaɓi, ko ɗan rakiyar da bai runtsa ba, shi ne zai riƙe dukiyarka kilomita 700.

Shawarata ga shugabannin rassa ita ce abu biyu. Na farko, kafin a yi lodi a kara, wakilin ƙungiya ya leƙa kan mota da benen 'yan rakiya kamar yadda yake duba taya da ƙasan bodi. Motar da ba ta da wurin kwana na mutunci a ja kunnen mai ita. Na biyu, a riƙa yanke kuɗin jira tun a gaban dillali da shaidu: in an tsaya fiye da kwana kaza, wa ke ciyar da mutanen mota, nawa a wuni, kuma ta wace hanya kuɗin zai iske su. Da yawa daga cikin husumar da ta biyo bayan 2023 da an kauce mata in da an yi wannan magana tun farko.

Buɗe iyaka da rufe ta ba a hannunmu yake ba, na mahukunta ne. Amma falanki da ragar sauro da inda za a ajiye kurfoti, waɗannan a hannunmu suke. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya, amin.