Fenti a Jikin Ukulele: Shin Ado Yana Cin Sauti?

Ukulele wata 'yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu. Mafi ƙanƙanta a cikin nau'o'inta da aka fi sani tsawonta kusan santimita 53 ne kacal. A yau akwai masu sana'ar zana furanni, kifaye ko igiyar ruwa a jikinta da burushi, kuma akwai masu saye su adana kamar yadda ake adana hoton zane. To amma abin kiɗa ai ba allon zane ba ne. Shin fentin nan ba ya taɓa sautin?

Daga ina ta fito?

A watan Agusta na 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya isa Honolulu, a tsibiran Hawai, ɗauke da mutanen tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal da suka zo aikin gonakin rake. A cikinsu akwai kafintoci uku: Manuel Nunes, da Augusto Dias, da Jose do Espirito Santo. Su ne suka ɗauki fasalin ƙananan jitocin garinsu, suka sassaƙa da katakon koa, wata bishiya 'yar dangin bagaruwa da asalinta a Hawai kaɗai take tsirowa. Sarki Kalakaua ya shigar da kiɗan fada, sannan baje kolin da aka yi a San Faransisko a 1915 ya yaɗa shi a Amurka.

Zane a jikinta ma ba yau aka fara ba. Samuel Kamaka, wanda ya buɗe shagonsa a 1916, ya ƙera wata mai siffar ƙwai, ya yi mata rajistar mallaka a 1928. Da yake ta yi kama da abarba, sai aka riƙa zana ɓawon abarba a fuskar wasunsu. Irin waɗannan tsofaffin suna cikin abin da masu tarawa ke nema ruwa a jallo.

Ina sautin yake fitowa?

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wani amo, domin siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Idan ka kaɗa ta, karkarwarta tana bi ta ɗan katakon da ta hau, wanda makaɗan goge ke kira jaki, ta shiga fuskar akwatin. Fuskar nan ce ke motsi ciki da waje tana tura iska, kamar dai fatar gurmi. Iskar da ke cikin akwatin kuma tana shiga da fita ta ramin tsakiya, ta ƙara wa sautin kauri.

Shi ya sa ake fiƙe katakon fuskar har kaurinsa ya dawo kusan milimita 2. Abu biyu ke juya yadda yake karkarwa: nauyinsa da taurinsa. Idan nauyi ya ƙaru, tsirkiya za ta sha wahalar motsa shi, sai amon ya ragu. Fenti mai kauri yana ƙara nauyi, sannan yana shanye wani ɓangare na karkarwar, sai sautin ya mutu da wuri. Gwada da kanka: kaɗa jita, ka ɗora tafin hannu a fuskarta, za ka ji ta dishe. Fenti mai kauri ɗan ƙaramin tafin hannu ne da ba ya ɗagawa.

Amma fa ba kowane fenti ke yin illar da kunne zai kama ba. Idan shafen siriri ne, bambancin kaɗan ne, musamman a ukulele mai araha da aka yi da falle-fallen katako da aka manne. Inda abin ya fi fitowa shi ne mai tsada, wadda fuskarta katako ne zalla.

Yadda gwani ke yi

Gwani yakan cire tsirkiyoyin, ya goge fuskar da sanfefa mai laushi, ya shafa abin toshe ƙofofin katako don kada ya sha fenti. Daga nan ya yi zanen da fenti mai ruwa-ruwa, shafe bayan shafe, kowanne sai ya bushe. Idan ba a riga an manna jaki ba, ba ya fentin gurbinsa, domin gam ya fi kama katako tsirara. Zane mai cika ido kuwa yakan tura shi baya da gefe, inda karkarwa ba ta kai ta fuska ba. A ƙarshe ya rufe da siririn banish.

Me ke sa ta daraja?

Na farko, babu irinta biyu. Na biyu, sunan maƙerin da na mai zanen, wanda akan gani a takardar da ke manne a cikin akwatin ko a sa hannu. Na uku, kasancewarta yadda ta fito tun farko. A nan ne mutane ke tafka asara: sabuwa idan ƙwararre ya zana ta, kuɗinta na iya tashi, amma tsohuwa mai tarihi idan ka sake mata fenti, ka karya darajarta kenan.

Kafin ka biya kuɗin aikin hannu, karkata ta a gaban haske. Zanen hannu yakan nuna sawun burushi da ɗan tudu-tudu, bugun inji kuwa sumul yake, kuma a ƙarƙashin gilashin ƙara girma yakan nuna ɗige-ɗige a jere. Sannan ka kaɗa, ka saurari tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya ɓace.

Idan ka saya, sai batun ajiya. Katako yana kumbura da laima, yana tsukewa da bushewa, fenti kuma ba ya bin sa daidai, sai ya tsattsage. Maƙera suna son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a hunturun Kano ko Damagaram takan faɗi ƙasa da kashi 20. Don haka a ajiye ta cikin akwatinta, tare da ɗan soso mai danshi a cikin roba mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba. Kuma a nisanta ta da rana, domin hasken rana yana koɗar da launi.