Da Me Makaɗi Yake Cin Abinci?

A shekarar 1730 wani malamin kiɗa a birnin Leipzig na Jamus ya rubuta wa tsohon abokinsa wasiƙa yana kukan abin da ba a saba jin an yi kuka da shi ba: mutanen gari sun rage mutuwa. Sunansa Johann Sebastian Bach, wanda Turawa suke sawa a sahun gaba na masu tsara kiɗa. Albashinsa na ka'ida bai taka kara ya karya ba, mafi yawan samunsa daga kiɗan jana'iza da na aure yake fitowa. Ya shaida wa abokin cewa bara iska mai lafiya ta kaɗa, gawa ta yi ƙaranci, har ya yi asarar sama da tala 100, kuɗinsu na lokacin, cikin wajen 700 da yake haɗawa a shekara. Mutum ne da aka haifa wa 'ya'ya 20, sai a yi masa uzuri.

Har kurkuku ya shiga a kan neman na tuwo. A 1717 ya matsa wa ubangidansa, basaraken Weimar, a kan ya sallame shi ya tafi inda aka fi biya, basaraken ya sa aka kulle shi kusan wata guda. A Leipzig kuwa, cikin sharuɗɗan aikinsa har da koyar da yara Latin. Sai ya ɗauki wani yana shiga ajin a madadinsa, yana biyansa daga aljihunsa.

Joseph Haydn ya fi shi iya zama da manya. Takardar aikin da ya sa wa hannu a 1761 a gidan sarautar Esterházy ta ce zai sa kayan ma'aikatan gida, zai riƙa bayyana kullum ya ji ko mai gida yana son kiɗa, kuma duk abin da ya tsara na mai gida ne. A 1772 basaraken ya daɗe a gidan hutunsa na ƙauye, makaɗa sun yi wata da watanni ba su ga matansu ba, kuma babu mai bakin faɗa. Haydn ya tsara wani kiɗa wanda idan ya kusa ƙarewa kowane makaɗi zai tsaya, ya hure kyandir ɗin gabansa, ya fice, ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masu goge biyu kacal. Mai gida ya gane hannunka-mai-sanda, ya ba da umarnin a koma gari.

Makaɗan fadar ƙasar Hausa sun san irin wannan zama. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, da kotsonsa da muryarsa. Ladan makaɗin fada ba albashin wata ba ne: doki ne, da babbar riga, da damman hatsi, daga baya aka shigo da mota da kujerar Makka. Abin da mai kallo ba ya lissafawa shi ne yawan bakin da ke jiran wannan kyauta. Akwai 'yan amshi, akwai masu kiɗa, akwai sanƙira mai ƙara wa magana gishiri yana shelar abin da aka bayar, kuma kowannensu da iyali a gida. Kyautar da ta girgiza fili, in an zauna rabo da daddare takan koma daidai cefane.

Ɗan Maraya Jos bai da wannan ciwon kai. Shi kaɗai yake fita, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi da ɗan gwangwani a rufe shi da fata. Abin kiɗan da zai shige aljihun riga ne ya kai shi ƙasashen waje. Kuma rabinsa ɗan wasan barkwanci ne: a waƙa ɗaya zai yi muryar miji, ya juya ya yi ta mata, su yi cacar baki su shirya, duk a maƙogwaro guda. Ya rasu a 2015, kuma a ganina har yau ba a yi wanda ya fi shi rage wa kansa kuɗin mota ba.

A da, makaɗi bai cika yawon neman masu sauraro ba, domin sana'o'i sun raba makaɗa a tsakaninsu. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. 'Yan dambe suna da nasu, irin su Ɗan Anace wanda ya ɗaukaka sunan Shago. Kakaki kuwa sarki ake busa wa, kuɗinka ba zai saya maka shi ba.

Mamman Shata ya tsallake waɗannan iyakoki duka, ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa soja da ɗan kasuwa. Da tallar goro da alewa ya fara, gidansu kuma ba gidan roƙo ba ne, mahaifinsa bai so wannan hanya ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Ga wani abu da yawancin masu zuwa biki ba su damu da sani ba: liƙi laifi ne a dokar Najeriya. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, ga mai watsa takardun naira ko taka su a wurin rawa. Shekaru aka yi dokar tana barci, sai ga shi a 2024 ana kai fitattun mutane kotu a kanta. Wato babbar hanyar samun makaɗin biki tana cikin littafin laifuffuka.

Sana'ar ma da kakarta. Watan Sha'aban bukukuwa kan yi yawa, kowa yana son a kai amarya kafin azumi, makaɗi ya yi ta gudu daga wannan unguwa zuwa waccan. Ana ganin wata sai a rataye ganga. Daga goma ga azumi filin ya koma hannun yara masu tashe, waɗanda su ma da barkwanci suke karɓar hatsi da 'yan canji ƙofa-ƙofa.

Idan babu biki, sai koyarwa. Frédéric Chopin, gwanin fiyano da ya zauna a Faris, bai hau dandamali gaban jama'a fiye da sau 30 ko kusa da haka ba a duk rayuwarsa. Da karantar da 'ya'yan masu hali ya rayu, faran 20 kowane darasi. Amma yana jin nauyin a ga ya miƙa hannu, don haka ɗalibi kan ajiye kuɗin a kan kanta, shi kuma ya juya yana kallon taga. Antonio Vivaldi ya fara koyar da goge a 1703 a wani gidan marayu mata a birnin Venice, kuma duk shekara sai kwamitin gidan ya kaɗa ƙuri'a a kan ko a ci gaba da shi. A 1709 ya faɗi da ƙuri'a 7 da 6. Bayan shekara biyu suka dawo da shi.

A wajenmu ba a biyan kuɗin darasi, da jiki ake biya. Yaro zai fara da ɗaukar kaya, ya shiga amshi, ya daɗe a nan kafin a bar shi ya ja baiti. Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa ya tashi yana amshi tun yana ƙarami. Mai koyon algaita kuma sai ya iya abin da ya yi kama da sihiri: ya tara iska a kumatu yana turawa, yana shaƙar wata ta hanci a lokaci guda, don kada sautin ya yanke.

Wasu kuma sana'a ta biyu ce take riƙe da ta farko. Philip Glass, mai tsara kiɗa na Amurka, ya cika babban zauren Metropolitan na New York a 1976, aka tashi da bashi, ya koma tuƙin tasi. Yana kuma gyaran famfo. Wata rana yana durƙushe yana haɗa injin wanke kwanuka a wani gida, sai mai gidan, Robert Hughes, mai sharhin zane-zane a mujallar Time, ya gane shi, ya tsaya baki buɗe. Sai da ya haura shekara 40 kiɗa ya fara ciyar da shi. Ali Farka Touré na Mali ya ci kyautar Grammy, amma manomi yake kiran kansa, kuma a 2004 ya zama magajin garin Niafunké. Rabilu Musa Ibro, kafin ya sa Arewa dariya, gandiroba ne.

Wurin kwana ma labari ne. Da 'yan ƙungiyar kiɗa ta Beatles suka je Hamburg a 1960, suna kiɗa awa huɗu zuwa shida kowane dare, a wani ɗakin ajiya bayan allon silima suke kwana, dab da bayan gida. Ɗaya daga cikinsu, George Harrison, shekararsa 17, da hukuma ta gano sai ta tasa ƙeyarsa zuwa Ingila.

Takardar aiki ma tana da nata labarin. A da, ƙungiyar Van Halen ta Amurka kan sa wani sharaɗi a tsakiyar kwantiraginta: a ajiye musu alewar M&M's a ɗakin shiri, amma a tsince masu ruwan ƙasa duka. An daɗe ana ɗauka iskanci ne na masu kuɗi. Mawaƙinsu David Lee Roth ya ce gwaji ne: in suka tarar da mai ruwan ƙasa, sun san ba a karanta takardar da kyau ba, sai a sake duba wayoyin lantarki da ƙarfin dandamali.

A Janairun 2007 jaridar Washington Post ta sa Joshua Bell, ɗaya daga cikin manyan masu goge na duniya, ya tsaya a tashar jirgin ƙasa da safe da hular hana-sallah, yana goga wani goge na 1713 da kuɗinsa ya kai dala miliyan 3.5. Cikin minti 43 mutum 1,097 suka wuce, bakwai suka tsaya, ya tashi da dala 32 da 'yan kwabbai. Kwana uku kafin nan ya cika zaure a Boston inda kujera take kai dala 100. An yi ta zargin mutanen da rashin kunne. Ni ban ga laifinsu ba, kowa sauri yake kada ya makara aiki. A Landan ma, tun 2003, mai son kiɗa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ya ci jarrabawa an ba shi lasisi.

Masu ban dariya sun fi kowa shan wuya wajen karɓar haƙƙinsu, don ana ganin wasa suke. Ɗan kama zai shigo kasuwa da shigar malami, ya gyara murya kamar zai ja karatu, sai ka ji tuwo da miya da nama ne tun daga farko har ƙarshe, kuma abin da ya samu ya danganta da yawan waɗanda suka dara. A Los Angeles, gidan wasan Comedy Store ya yi shekaru ba ya biyan masu barkwancinsa ko sisi, mai gidan Mitzi Shore tana cewa makaranta ce ta buɗe musu. A 1979 suka shiga yajin aiki, cikinsu har da Jay Leno da David Letterman, waɗanda daga baya suka zama attajiran talabijin. Bayan makonni aka daidaita a kan dala 25 kowane hawa.

A Faris ta ƙarni na 19 kuwa dariyar ma saye ake yi. Gidajen wasa suna da 'yan tafin haya da shugabansu: wasu aikinsu dariya a inda ya dace, wasu mata su fito da hankici suna sharar hawaye, wasu su yi ta ihun a maimaita. Ɗan wasan da ya ƙi biya yakan ji zauren ya yi tsit, ko ma a yi masa ihu.

Tommy Cooper na Birtaniya, mai jar dara, ya yi suna da dabo mai lalacewa da gangan. A Afrilun 1984 ana nuna shi kai tsaye a talabijin, ya sulale ƙasa a tsakiyar wasa. Zuciyarsa ce ta buga. 'Yan kallo suka yi ta dariya, sun zaci cikin shirin ne.

Yanzu an ce kasuwa ta koma intanet, kowa ya ɗora waƙarsa ya jira. Tun daga 2024, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara a manhajar Spotify ba, mai ita ba ya samun ko kwabo, ana zuba kason nata cikin na waɗanda suka haye wannan adadi.